Mashin ɗin ƙanƙara yana mutuwar jiki a kan dutse: kuloci ne ko inji?

"Salamu alaikum Oga. Ina zaune a Edmonton ta ƙasar Kanada shekara huɗu kenan, bara na sayi mashin ɗin ƙanƙara (snowmobile) na hannu, ajin cc 850 ne mai doguwar tirak, wato faffaɗar robar da ke juyawa a ƙarƙashinsa a madadin taya, ba turbo. A kan daskararren tafki kusa da gari lafiya lau yake, juyin inji yana kai 8,000 a minti. Amma sau biyu muna zuwa duwatsun Valemount a British Columbia da abokan aiki, da na fara hawa cikin dusar ƙanƙara mai zurfi sai ya sauko 7,300, wani lokacin ƙasa da haka ma, ya riƙa gurnani kamar an shaƙe shi, ga warin roba. Bel biyu na ci a tafiya biyu. Wani ya ce in sayi kit ɗin kuloci, wani ya ce heliks ne, wani ma cewa ya yi injin ne ya gaji. Don Allah daga ina zan fara?"

Wa alaikumus salam ƙanena, sannu da fama. In na fahimce ka, mashin yana da lafiya a ƙasa, yana rasa juyi wajen 700 in ka hau sama, kuma yana cin bel. Toh bari in fara kwantar maka da hankali, injin da ya gaji ba ya jira sai ya je Valemount kafin ya nuna gajiyarsa, da tun a kan tafkin za ka ji shi. Abin da ka kwatanta ya fi kama da kulocin da aka saita don shimfiɗaɗɗiyar ƙasa aka kai shi dutse, wataƙila kuma ga datti da lalacewa a kai. Ba ka faɗi kamfanin mashin ɗin ba, don haka zan riƙa taɓo manyan biyun da aka fi gani a can, Ski-Doo da Polaris, ka ɗauki naka.

Ni a kan Jincheng na koyi aiki, zamanin acaɓa, shi ma inji mai hayaƙi ne (two-stroke) kamar naka, kuma abin da na fara ganewa da na zo nan na shiga gareji shi ne halin injin bai canza ba, abin da aka ɗaura masa ne ya canza. Inji mai hayaƙi yana da wani ɗan siririn wuri da yake ba da duk ƙarfinsa. Ƙasa da nan malalaci ne, sama da nan ihu ne kawai. A 850 na Ski-Doo wurin nan 7,900 ne, da ɗari sama ko ƙasa. A 850 na Polaris wajen 8,250 ne. Duba littafin mashin ɗinka ka tabbatar da lambarka, don duk maganar da za mu yi daga nan a kanta za ta tsaya.

Abin da kulocin yake yi

Mashin ɗin ba shi da giyar da kake sawa da ƙafa. Kuloci biyu ne da bel a tsakaninsu, irin na sikuta amma ƙato. Na gaba yana kan inji, na baya yana kan sandar da ke kai ƙarfi zuwa sarƙa, daga nan zuwa tirak. Kowanne faranti biyu ne masu gangara suna fuskantar juna, bel yana zaune a cikin kwarin da ke tsakani.

A cikin na gaba akwai wasu ƙarafa uku masu lanƙwasa, mu dai 'yan nauyi muke ce musu, da sifirin ɗaya. In inji ya ɗau juyi 'yan nauyin nan suna wurgawa waje, su tura rola, faranti ya matso ya kama bel ya riƙa tura shi sama. Sifirin kuma yana ture su, yana cewa ku dakata. A na baya akwai nasa sifirin ɗin da wani ƙarfe mai hanyoyi a karkace, shi ne heliks ɗin da abokinka ya ambata. Aikinsa ya ji nauyin da ke kan tirak. In tirak ta shiga wuri mai nauyi sai heliks ya matse faranti ya mayar da bel sama a baya, wato ya sauke maka giya ba tare da ka sani ba.

Kaga kenan kokawa ce ake yi kullum, na gaba yana son hawa babbar giya, na baya yana son komawa ƙarama. Saitin kuloci duka bai wuce raba wannan kokawar ba, yadda in ka murɗa totur har ƙarshe inji zai hau lambarsa ya zauna a nan daram, gudun tirak ne kawai zai riƙa hawa da sauka. Naka yanzu na gaba ne yake kayar da kowa, har da injin.

Dutse yana cin ka ta fuska biyu

Ta farko iska. Duk hawan mita 300 injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa, don iskar sama ba ta da kauri. Edmonton tana wajen mita 650. Inda kuke wasa a saman Valemount kuna kai wa mita 2,000 ko fiye. Injin da aka rubuta masa ƙarfin doki 165 a bakin teku, a can sama da ƙyar yake da 130 da 'yan kai. Wanda ya je Togwotee a Wyoming, inda hanyar mota ma ta haura mita 2,900, nasa ya fi haka raguwa. Su kuwa 'yan nauyin ba su san an hau dutse ba, nauyinsu na jiya shi ne na yau, suna tura bel da ƙarfin da suka saba, injin da ya rasa doki 30 ba zai iya ɗauka ba sai ya durƙusa. Da ya sauko daga 7,900 zuwa 7,300 kuma ya fita daga wurin ƙarfinsa, ya sake yin wata asarar a kan ta farko. Shi ya sa kake jin kamar rabin mashin ne ya rage.

Ta biyu nauyin dusar kanta. A kan tafki tirak tana gudu a kan abu mai tauri. A cikin dusa mai zurfi tirak mai inci 165 da haƙora masu inci 3 shebur ce, kwasa take tana watsawa baya, kana kuma hawa tudu. Ka tuna tirelar siminti a Hawan Kibo in direba ya ƙi sauke giya. Haka naka yake yi.

Kafin ka kashe ko sisi

A nan zan ɗan daɗe don a nan yawancin mutane suke ɓata kuɗi. Wallahi mashin goma in aka kawo min da irin kukanka, fiye da rabi ba sa buƙatar sabon kit, wanka suke buƙata da canjin ƙananan kaya. Saiti a kan kulocin da ya lalace aikin banza ne, lambobin da za ka samu yau gobe ba za su maimaitu ba.

Akwai wani da ya kawo min nasa wata shekara, ya riga ya canza heliks sau biyu, ya sayi 'yan nauyi masu tsada, mashin yana nan jiya i yau. Na cire kulocin gaba na ɗora a teburi, na sa yatsa na juya rola ta farko ta juya, ta biyu ta juya, ta uku ƙam. Ta daina juyawa tun tuni, ɗan nauyin yana gogarta har ya yi mata gefe ɗaya a shafe kamar an goga da zarto, shi ma ɗan nauyin ya yi rami a inda suke haɗuwa. Duk lokacin da faranti ya zo daidai wannan ramin sai ya maƙale, ba gaba ba baya. Kayan da suka gyara shi ba su kai kuɗin bel ɗaya ba.

Don haka ka fara da wannan. Cire bel, ka hura kuloci biyun da iska, baƙar ƙurar da za ta fito za ta ba ka mamaki. Goge fuskar farantan da soso mai ɗan kaushi, irin koren nan na wanke tukunya, daga tsakiya zuwa baki, ka bi da asiton ko ruwan ɗumi da sabulu har sai tsumma ya daina yin baƙi. Tunda ka ci bel biyu, tabbas akwai robar da ta narke ta manne a kai, kuma sabon bel a kan wannan santsin zamewa zai yi. Kar ka sa giris ko mai a ciki, a bushe aka ƙera su su yi aiki, mai ƙura yake tarawa. Taɓa kowace rola ka ga tana juyawa ba girgiɗi. Girgiza 'yan nauyi gefe da gefe, in suna rawa bushin ya tafi. Girgiza farantin da ke motsi shi ma. Sifirin kuma yana gajiya ko da bai karye ba, mashin na hannu da ba ka san tarihinsa ba ni kawai canza na gaba nake yi, ba shi da tsada, kuma sifirin da ya saki shi kaɗai yana iya cinye maka juyi 200 ko 300.

Sai bel ɗin kansa. Na kamfani mai lambar da littafi ya faɗa za ka sa, don taurin roba ya bambanta, bel mai laushi yana kamawa sosai ya sauke juyi, mai tauri ya ɗaga shi, wani sai ya yi ta neman laifin kuloci alhali bel ya canza. Sabo ka wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu ya bushe, ka bi kibiyar da ke jikinsa, ka kuma yi masa kilomita 50 a hankali ba murɗa totur har ƙarshe. Na san ba wanda ke son jin wannan in ya biya kuɗin otal ya zo wasa, amma ba a fafe gora ranar tafiya, ka yi wannan a kan tafkinka tun kafin ka ɗora mashin a tirela, har da na ajiyar.

Saƙin bel ma a duba. A Polaris ana ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a kan bel tsakanin kuloci biyun a danna tsakiya, ya sauka kusan milimita 32. A Ski-Doo ana duba tsayinsa a kulocin baya, ƙasan haƙoran bayan bel ya yi daidai da bakin faranti. In ya yi sako-sako mashin yana tashi ne kamar daga giya ta biyu, dum, ba kuzari. In ya yi tsauri za ka ji yana ƙara a tsaye ko yana son tafiya da kansa. Ka leƙa robobin da ke riƙe inji ma, in ɗaya ya tsage injin yana karkacewa in an ba shi wuta, kuloci biyun su daina kallon juna, bel ya riƙa cin gefe ɗaya har zare ya fito.

Abu ɗaya don Allah, kar ka taɓa murɗa wuta ba bel a kai, ko murfin kuloci a buɗe kana tsaye a gefensa. Ƙarfen da ke juyi 8,000 in ya fashe ba ya tambayar sunan kowa. Kuma sifirin ɗin ciki a matse yake, da abin matse shi ake kwancewa.

Kulocin gaba, shi ke riƙe da juyi

In komai ya fita tsaf kuma har yanzu juyi yana ƙasa, toh yanzu an zo saiti. Ka'idar da nake bi ita ce juyin sama a kulocin gaba ake nemansa. Kar ka je baya kana neman juyi, can wani aiki ne daban.

In naka Ski-Doo ne ka yi sa'a, kulocin pDrive yana da wurin saiti mai lamba 1 zuwa 5 a kan kowane hannu, wato 'yan nauyinsa uku, tsohon TRA kuma har 6. Kowace lamba ɗaya da ka ƙara tana ɗaga juyi kusan 200. A kan dutsen ma ana yi da kayan aikin da ke cikin mashin, ka sassauta noti, ka juya, ka ɗaure, amma duka ukun su zama lamba ɗaya, ka duba sau biyu don hannu a cikin sanyi ba ya jin abin da yake yi. Fara da duba lambar da yake kai yanzu. Ba mamaki ka tarar mai shi na da ya bar shi a 1 ko 2. Sai dai ni ba na son ganin mashin yana zaune a lamba ta ƙarshe. Yana kawo juyin a allo, amma yana rage yadda faranti ke matse bel, sai ka ga lamba ta yi kyau tirak kuma ba ta gudu. In sai ka kai 5 kafin ka samu 7,900, alama ce nauyi ya yi yawa, a rage nauyin kusar da ke jikin hannun a dawo 3, ka samu wurin motsi sama da ƙasa.

In Polaris ne, 'yan nauyin ake canzawa. Za ka ga lamba a jikinsu kamar 10-64 ko 10-68, ta ƙarshen tana nuna giram. Littafin mashin yana da jadawali, daga tsayi kaza zuwa kaza ga nauyin da za a sa, kuma gaskiya jadawalin nan wuri ne mai kyau na farawa, injiniyoyin sun hau dutse sun gwada. A hannuna, rage giram ɗaya a kowane ɗan nauyi yana ba ni kusan juyi 100, wani mashin fiye wani ƙasa. Kai da kake neman 700 ko fiye kar ka cire giram bakwai a tashi ɗaya, don da inji ya fara komawa wurin ƙarfinsa sai ya ƙara da kansa, giram huɗu ma na iya kai ka. Tunda kana hawa wuri biyu masu bambancin tsayi, 'yan nauyi masu kusoshin ƙarawa da ragewa sun fi maka, ka rubuta saiti biyu a takarda ka manna a cikin murfi, na gida da na dutse.

Inda nauyin yake a jikin ƙarfen ma yana da magana. Na kusa da gindi yana shafar tashi da ƙaramin gudu, na can baki yana shafar ƙarshe. Mai hawan dutse yana son isasshen nauyi a gindi da tsakiya don bel ya kamu da kyau a ƙaramin gudu, inda yake yini a cikin itatuwa.

Sifirin na gaba lamba biyu gare shi, misali 140/330. Ta farko ita ce ƙarfinsa a farkon matsi, ita ke faɗin juyin da kuloci zai fara kama bel. Ta biyu ƙarfinsa a ƙarshe, tana shafar juyin sama. Yara masu son tsere suna son ta farko ta yi yawa, mashin ya yi ihu ya zabura. A dusa mai zurfi wannan shi ne haƙa kabarinka da kanka. Duk wanda ya taɓa shiga yashi da babur ya sani, ka ba shi wuta da ƙarfi taya ta tona rami ta zauna. Dusa ma haka ce, ana son tirak ta fara juyawa a hankali ta hau saman dusar tukuna. Ni ina son kamun ya kasance ƙasa da 4,000, mai laushi, yadda zan iya lallaɓa shi tsakanin itace biyu ba fizga.

Kulocin baya, shi ke sauke giya

Yanzu maganar heliks. Ana auna shi da digiri. Mai digiri da yawa, wato mai tsaye, yana barin faranti ya buɗe da sauri, mashin ya hau babbar giya da wuri, yana da daɗi a fili amma yana nauyin dawowa. Mai ƙarancin digiri yana matse bel sosai, yana hawa a hankali, yana kuma dawowa da sauri in nauyi ya ƙaru. Mashinan dutse yawanci wajen digiri 40 da 'yan kai suke. Akwai masu digiri biyu, su fara da ɗaya su ƙare da wani, wasu gwanayen ma suna juya shi ya fara a kwance ya ƙare a tsaye, kowa da mazhabarsa, kuma na ga an yi musu a kan wannan har shayi ya huce ba a gama ba.

Yadda za ka gane matsalar baya ce: kana hawa, ka saki totur don kauce wa itace, ka sake murɗawa. In juyi ya koma lambarsa nan take, baya lafiya. In ya tsaya a 6,500 yana booo yana jan jiki kafin ya farfaɗo, bel bai dawo ba, ya maƙale a babbar giya. Haka in ka fara hawa da 7,900 amma da tudu ya ƙara miƙewa sai ya yi ta zamewa ƙasa a hankali bai dawo ba. Nan ne ake duba rolar baya da bushin, in suna lafiya a rage digiri biyu ko a ƙara ƙarfin sifirin baya kaɗan. Kaɗan na ce. Sifirin baya in ya yi tsauri da yawa yana shaƙe bel, ƙarfin inji ya tafi a zafi, juyi ya yi kyau a allo amma abokinka mai irin mashin ɗinka ya wuce ka a tudu kana kallo.

Kai kuma da ka ce tun farkon hawa yake faɗuwa 7,300 ya zauna, na fi zargin gaba. Kar ka taɓa heliks sai ka gama da can.

Zafi shi ne mai faɗin gaskiya

Bel ba ya fashewa haka kawai, zafi ne ke kashe shi, zafi kuma daga zamewa yake zuwa. Ka sayi ɗan ma'aunin zafi mai kama da bindiga, ba shi da tsada. Da ka gama doguwar hawa ka kashe inji, ka buɗe gefe ka auna bel da farantan biyu nan take. Ni in na ga ƙasa da digiri 80 a ma'aunin Celsius hankalina a kwance yake, in ya haura 90 zuwa 95 na san ana cin rayuwar bel ne. In ba ma'auni, cire safar hannu ka taɓa faranti a hankali, in ba ka iya barin hannu ko na daƙiƙa biyu ya yi yawa. Wanda ya fi zafi a cikin biyun, a nan bel yake zamewa. In na gaba ne, matsinsa bai isa ba ko kuma giya ta yi tsawo. In na baya ne, sifirin ya saki ko heliks ya yi tsaye da yawa.

Wata dabara mai arha: ka ja layi da maka a fuskar farantin gaba daga tsakiya zuwa baki, ka je ka yi hawanka ka dawo. Inda bel ya goge, nan ya kai. In ka ga a duk yininka na dutse bel bai wuce rabin faranti ba, giyar sarƙarka ta yi wa aikinka tsawo, kana yini a ƙasan kuloci inda bel ya fi lanƙwasa ya fi zafi. Rage haƙori ɗaya ko biyu a giyar sama yana sa bel ya hau tsakiya, zafi ya sauka sosai. Za ka rasa ɗan gudun ƙarshe a kan tafki, wanda a dutse ba ka taɓa amfani da shi ba dama.

Sannan akwai laifin hannu, kar ka ji haushi. Sabon mahayi yana yawan kafewa, in ya kafe kuma yana riƙe totur yana fatan ya fita. Tirak ba ta motsi, faranti yana juyi a wuri ɗaya na bel, cikin daƙiƙa kaɗan ya ƙona masa ƙugu, daga nan duk zagaye sai ka ji dum dum dum har ya tsinke. Duba gawar bel ɗinka biyun in ka ajiye su. In akwai wuri ɗaya da ya sirance, wannan ne. In gefen duka ya yi ƙyalli kamar gilashi, zamewa ce ta saiti ko datti. In zare ya fito gefe ɗaya, karkata ce. Da safe ma tirak tana daskarewa da ƙasa, ka ɗaga bayan mashin ka buga shi ƙasa, ka bar inji ya yi ɗumi kafin ka tashi. Ka riƙa share dusar da ke toshe ramukan shan iska na gefe, kuma bayan hawa uku ko huɗu a jere ka ba shi minti biyar ya sha iska.

Yadda nake gwaji

Tudu ɗaya nake zaɓa, mai tsawon da zan riƙe wuta aƙalla daƙiƙa goma, kowane hawa a sabuwar dusa gefen sawun baya, ba cikin sawun ba. Inji da salansa su yi zafi tukuna, don mai hayaƙi da sanyin salansa ƙarya yake yi. Ina duba abu uku: juyi, gudun tirak da allo ke nunawa a tsakiyar hawa, da zafin bel. In rubuta. In canza abu ɗaya tak, in sake hawa. Wanda ya canza nauyi da sifirin da heliks a dare ɗaya, ko ya gyaru bai san me ya gyara ba, in ya ɓaci kuma bai san inda zai koma ba. Gudun tirak shi ne alƙali, saiti biyu za su iya ba ka 7,900 iri ɗaya amma ɗaya yana juya tirak kilomita 58 a awa ɗaya 65, na biyun shi ne naka. Ka kuma bar ɗan sarari, dusar safe busasshiya da ta la'asar mai ruwa ba nauyinsu ɗaya ba, na fi son in gan shi ɗari sama da lamba da safe a kan ya faɗi ƙasa da rana.

Tudun gwajin nan kuma ba kowanne ba. Ka duba hasashen zaftarewar dusa na Avalanche Canada kafin ku fita, kowa da na'urar nemo wanda dusa ta binne a jikinsa da sandar bincike da shebur, mutum ɗaya a kan tudu a lokaci ɗaya. Mai kallon allo yana lissafin juyi ba ya kallon abin da ke samansa, don haka ka zaɓi wuri mai sauƙin gangara wanda ba wani ƙaton tudu a kansa.

Maganar kit kuwa, ba haramun ba ne. Mai kyau yana rage maka wahalar gwaji, don wani ya riga ya yi ta. Amma mai sayarwar kirki zai tambaye ka tsayin da kake hawa, tsawon tirak, nauyin jikinka, ko an canza salansa. Wanda bai tambaye ka komai ba ya miƙo maka kwali, ka riƙe kuɗinka. Masu turbo nasu daban ne, tunda Ski-Doo suka fito da 850 mai turbo daga masana'anta a 2020, mai riƙe doki 165 har tsayin ƙafa 8,000, wajen mita 2,400 kenan, Polaris ma suka biyo da nasu, su nauyinsu ba ya buƙatar raguwa kamar naka, don haka kar ka kwafi saitin abokinka in nasa turbo ne.

Ni dai ban ga mashin ɗinka ba, kuma yawancin aikina a dusar British Columbia ne da mashinan da ba a taɓa musu inji ba, lambobin da na ba ka na farawa ne, tudu ne zai ba ka na ƙarshe. In ka wanke, ka canza sifirin, ka rage nauyi har giram huɗu ko ka ƙara lamba biyu amma juyi bai motsa ba ko kaɗan, toh nan ne zan yarda da mai cewa inji ne: a auna matsin fistin, a duba bawul ɗin salansa ko ya daskare da baƙin mai, a tabbatar fetur ɗin mai lamba 91 ne kuma ba na bara ba, a duba tirak ko an ɗaure ta da yawa. Ka turo min sunan mashin da shekararsa, kilomita nawa ya yi, lambar da ke jikin 'yan nauyi ko inda saitin yake, launin sifirin biyun, da hoton bel ɗin da suka mutu, sai in faɗa maka giram nawa za ka fara cirewa.